Buhun siminti da tsakuwa, wanne ke riga isa ƙasa?

"Salamu alaikum Malam. Ni magini ne a nan Garwa, muna aikin wani bene mai hawa uku ta wajen Rumde Ajiya. Shekaranjiya bulo ya suɓuce mana daga can sama, Allah ya tsare ba kowa a ƙasa. Daga nan sai gardama ta tashi, ubangidana ya ce ai abu mai nauyi shi ke riga faɗuwa, ƙanena da ke lise, wato makarantar sakandare, kuma ya ce an koya musu wai ko buhun siminti ne da tsakuwa tare za su isa ƙasa. Ni dai na sha gani da idona in an yar da takardar buhun siminti daga sama sai ta yi ta yawo kafin ta sauka. Waye ke da gaskiya cikinsu? Sannan waɗanda ake nunawa a bidiyo suna shawagi cikin jirgin 'yan sama jannati, can ƙasa ba ta jansu ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Tambayarka in na fahimce ta guda biyu ce, ta farko ko nauyin abu na ƙara masa saurin faɗuwa, ta biyu kuma ko akwai inda mutum zai kai a sama ƙasa ta daina jansa. Na jima ina koyar da fizik a lise kuma wallahi duk shekara sai na yi wannan gardamar da sabbin ɗalibai, don haka kar ka ga laifin ubangidanka, manyan masana sun yi kusan shekara dubu biyu a kan ra'ayinsa. Amma ƙanenka ne ke da gaskiya. Abun da ka gani game da takardar nan shi ma gaskiya ne, sai dai aikin iska ne ba na nauyi ba.

Kafin mu yi nisa bari in gyara wata kalma. Za ka ji a rediyo ana cewa maganaɗisun ƙasa, ni ban cika son kalmar ba don tana ruɗa yara, maganaɗisu ƙarfe yake kamawa ya ƙyale katako da ruwa da naman jikinka, ita kuwa ƙasa ba ta zaɓe, komai ja take. Shi ya sa nake cewa jan ƙasa kawai.

Me ya sa nauyi ba ya ƙara gudu

Ka ɗauki misalin pus-pus ɗin da kuke ɗaukar yashi da shi. In babu kaya yaro ma zai tura shi ya ruga, in an cika shi da yashi sai ƙarti biyu ko uku sun haɗa ƙarfi kafin ya motsa. Kaga kenan abu mai yawan jiki yana da taurin kai wajen motsawa. Toh ƙasa tana jan buhun siminti mai kilo 50 da ƙarfin da ya ninka wanda take jan dutse mai kilo 1 sau 50, wannan ba gardama, shi ne nauyin da kake ji a kafaɗarka. Amma shi buhun taurin kansa wajen motsawa ma ya ninka na dutsen sau 50 cif. Kamar a ce kowane kilo an ba shi lebura ɗaya mai jansa, dutse lebura 1 kaya kilo 1, buhu lebura 50 kaya kilo 50, kowane lebura kilo ɗaya ke kansa, toh ta ina wani zai riga wani? A aji da Faransanci muke raba su, mu ce mas ga yawan jikin abu, pwa kuma ga ƙarfin da ƙasa ke jansa da shi, mu a Hausa duka nauyi muke cewa, kuma nan ne rabin rikicin yake.

Akwai wata hujja da ba ta buƙatar lissafi ko kaɗan, an fi danganta ta da Galileyo, masani mutumin Italiya, ni dai na mayar da ita ta bulo. Ka fasa bulo gida biyu daidai, ka riƙe rabi a dama rabi a hagu ka sake su tare, kowa ya yarda tare za su sauka tunda nauyinsu ɗaya. Toh ka matso da su kusa har su taɓa juna ka sake, me ya canza? Babu. Yanzu ka ɗaure su da zare. Sun zama abu ɗaya mai ninkin nauyi kenan, in maganar ubangidanka ce sai su ninka gudu, wato zaren nan ne ya gaya musu su ƙara sauri? Duk ɗalibin da na yi wa wannan tambaya sai ya yi shiru yana murmushi.

Ra'ayin cewa mai nauyi ke riga faɗuwa na Aristotal ne, masanin Girka da ya rayu sama da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, kuma saboda girmansa mutane ba su cika gwadawa ba. Akwai waɗanda suka ja da shi tun da wuri, kamar wani malami a Iskandariyya ta Masar mai suna Filoponus a ƙarni na 6, sannan Abul Barakat al-Bagdadi a ƙarni na 12 ya yi bayani a kan yadda abu mai faɗuwa ke ta tara gudu a kan gudu. A 1586 Simon Stevin ya hau hasumiyar coci a garin Delft na ƙasar Holan ya saki dunƙulen darma biyu daga wajen ƙafa 30, ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau 10, aka ji ƙararsu a kan katako kamar ƙara ɗaya. Labarin da aka fi sani na cewa Galileyo ya yi haka a karkatacciyar hasumiyar Piza ɗalibinsa ne ya rubuta bayan rasuwarsa, kuma masana tarihi da yawa suna shakkarsa. Abun da ya tabbata ya yi ya ma fi wannan wayo. Lokacinsa babu agogo mai ƙirga sakan da kyau, faɗuwa kuma kamar ƙiftawar ido take, sai ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan dogon katako mai ɗan gangara don tafiyar ta yi jinkiri, yana auna lokaci da ruwan da ke tsiyaya daga mazubi. Ya fitar da sakamakon a littafinsa na 1638.

Lissafin benenku

Abun da aka gano shi ne duk abun da ka saki, in iska ba ta dame shi ba, gudunsa na ƙaruwa da wajen mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan ɗaya. Da yaren 'yan moto, kowane sakan yana ƙara kilomita 35 a awa. Sakan na farko zai sauko wajen mita 5, zuwa ƙarshen na biyu ya yi mita 20, na uku mita 45, na huɗu kusan 80. Ka lura ba 5, 10, 15 ba ne. Ka ninka yawan sakan da kansa sannan ka ninka da 5, shi kenan ka samu mitocin.

Benenku hawa uku mu ce mita 10 ne. Bulon nan da ya suɓuce bai kai sakan ɗaya da rabi a hanya ba, wajen 1.4, kuma ya daki ƙasa da gudun kilomita 50 a awa. Wanda ke ƙasa kafin ya ji an ce kauce, ya ɗaga kai, ya gane ta ina abun ke zuwa, lokacin ya ƙare. Mutum ma in ya faɗo daga nan lissafin ɗaya ne, kamar moto mai gudun 50 ya shiga bango ne.

A nan ne nake ganin inda maganar ubangidanka ta samo asali, kuma yana da rabin gaskiya. Gudu ɗaya suke isowa da shi amma ƙarfin bugun ba ɗaya ba. Tsakuwa za ta ce ƙwas, buhun siminti ya ce tim har ƙasa ta girgiza, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wanda ya fi ƙara shi ya fi gudu. Ɓarnar da abu zai yi tana tafiya ne da nauyinsa a ninka da tsawon inda ya faɗo. Guduma mai kilo 1 daga mita 10 ƙarfin dukanta daidai yake da a saki cikakken buhun siminti daga santimita 20 a kanka, kuma ita gudumar duk ƙarfin a ɗan wuri kamar kwabo zai taru. Don Allah hular kwanon nan da kuke cirewa saboda zafin Maris da Afrilu ku riƙa haƙuri da ita, na san zafin Garwa ba wasa ba ne amma dai.

Takardar siminti da auduga

Yanzu sai abun da ka gani da idonka. Muna zaune ne a ƙasan tekun iska, duk abun da zai faɗo sai ya ture iskar da ke gabansa, ita kuma tana ture shi. Turin nata ba ruwansa da nauyin abu, faɗinsa take kallo da saurinsa. Takardar buhu tana da faɗi ba ta da nauyi, don haka tun ba a je ko'ina ba turin iska ya yi daidai da jan ƙasa, daga nan gudunta ya daina ƙaruwa sai ta riƙa lilo tana saukowa a hankali. Ka ɗauki takardar nan dai ka cukuikuye ta ka dunƙule kamar ƙwallo ka sake, nauyinta bai ƙaru da ko giram ɗaya ba amma za ka ga ta faɗo kusan tare da tsakuwa. Mu da muke yankin auduga mun fi kowa ganin wannan, ɗan ɓarɓashin auduga sai ya yi ta yawo a iska lokacin kaka, amma dilar da aka matse a masana'antar Sodecoton in ta faɗo daga kan babbar mota ba ta tsayawa yin shawara.

Wannan iyakar gudu da iska ke sawa rahama ce babba. Ɗigon ruwan sama da ya taso daga girgije mai nisan kilomita 2, da babu iska da gudun kusan kilomita 700 a awa zai iso, da damina ta zama yaƙi. Da iska kuwa manyan ɗigo ma ba su wuce wajen kilomita 30 a awa. Mutum in ya diro daga jirgi ya baje hannu da ƙafa gudunsa na tsayawa a wajen kilomita 200 a awa, in ya buɗe laima ya sauko ƙasa da 30. Tururuwa kuwa ko daga saman benenku ta faɗo tashi za ta yi ta ci gaba da harkarta. A Oktoban 2012 Felix Baumgartner ɗan ƙasar Ostiriya ya diro daga balan-balan a nisan wajen kilomita 39, inda iska ta yi ƙaranci ƙwarai, gudunsa ya wuce kilomita 1,300 a awa har ya zarce gudun sauti, da ya shigo iska mai kauri kuma sai ta rage masa.

Inda babu iska sam fa? An gwada. A watan Agustan 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott na tafiyar Apollo 15 ya tsaya a kan wata, guduma a hannu ɗaya gashin shaho a ɗayan, ya sake su, suka taɓa ƙasa tare. Bidiyon na nan a YouTube, ka nuna wa ubangidanka. Za ka lura a hankali suka sauko, don jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan duniya.

Ni kaina iska ta taɓa kunyata ni. Wata shekara cikin hunturu na hau saman ajujuwa da gorar ruwa biyu irin ta lita ɗaya da rabi, ɗaya cike ɗaya babu komai, na cika baki na ce wa yara ku zuba ido tare za su sauka. Ina saki iskar hunturu ta kwashi wofin ta kai ta gindin darbejiya, ajin nan kaf suka fashe da dariya, wani daga baya ya ce Malam yau Aristotal ya ci. Tun daga ranar nake sa ruwa rubu'i a ta biyun, nauyinsu ya bambanta sau huɗu amma dukansu sun fi ƙarfin iska, kuma in an ɗauka da waya aka rage saurin bidiyon sai ka ga gindinsu a jere har ƙasa.

Masu shawagi a sama

Toh tambayarka ta biyu. Amsar za ta ba ka mamaki, ƙasa na jansu sosai ma. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato irin jirgin da kake gani a bidiyon, tana nisan wajen kilomita 400 ne kacal daga doron ƙasa, alhali daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne, kaga ba wani nisa suka ƙara ba. Jan ƙasa a wajensu ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda kake ji a Garwa. Abun da ke faruwa shi ne faɗuwa suke yi, su da jirgin da cokalinsu da ruwan shansu duka tare, kuma tunda mun ce komai da gudu ɗaya yake faɗuwa babu wanda ke danna wani, sai ka ga kamar shawagi suke.

Nauyin da kake ji a jikinka ai ƙasan da kake takawa ne ke tokare ka. Ka tuna in mota ta haura tudu da gudu ta gangara, yadda cikinka ke ɗagawa kamar hanjinka zai fito, na ɗan lokacin nan kujera ta daina tokare ka sosai ne. Su haka suke dare da rana. Ka gwada wannan da yamma, ka huda gorar ruwa a gefe kusa da gindi, ka cire murfin, ruwa zai riƙa tsartuwa, ka sake ta daga sama ka zuba ido, tana cikin faɗuwa tsartuwar za ta tsaya cak don ruwan da gorar tare suke tafiya.

Me ya hana su faɗowa ƙasa kenan? Gudun gefe. Wannan tunanin Niyuton ne ɗan Ingila, wanda ya fitar da dokar jan a 1687. A ce ka hau kan dutsen Mindif ka jefa dutse ta gabas, zai yi gaba yana saukowa ya faɗi, ka ƙara ƙarfi ya ƙara nisa. Toh duniya dunƙulalliya ce, duk tafiyar kilomita 8 doronta na lanƙwasawa ƙasa da wajen mita 5, kuma mun ce abu na faɗuwa mita 5 a sakan na farko. In har za ka iya jefa dutsen ya riƙa cin kilomita 8 a sakan, kuma ba iska, yana saukowa mita 5 ƙasa na kauce masa da mita 5, haka zai yi ta faɗuwa bai taɓa isa ba har ya zagayo ya same ka ta ƙeya. Tashar nan gudunta wajen kilomita 28,000 ne a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai, Garwa zuwa Marwa ba ta cika rabin minti ba. Wata ma haka yake, faɗuwa yake ta yi. Nisansa ya ninka nisanmu da tsakiyar duniya sau 60, jan kuma na raguwa ne da nisa a ninka da kansa, wato 60 sau 60, sai ya zama jan da ke kansa kashi 1 ne cikin 3,600 na namu, da Niyuton ya gwada wannan da tafiyar wata sai lissafin ya zauna.

Wani ɗan ƙarin bayani, 9.8 ɗin nan ba ko'ina take daidai ba. Mu da ke kusa da tsakiyar faɗin duniya namu wajen 9.78 ne, can ƙuryar arewa mai ƙanƙara 9.83, saboda juyawar duniya da kuma ɗan kumburin da ta yi a tsakiya. A sikelin rataya mai sifirin buhun siminti zai nuna bambancin wajen giram 250 tsakanin wuraren biyu, simintin kuwa ko cokali bai ragu ba.

Inda lissafina ya tsaya

Ƙa'idar ninka sakan da kansa a ninka da 5 tana aiki ne ga abu mai ɗan nauyi a tsawon da bai wuce na gini ko rijiya ba. Takarda, kwano, falle na katako, ko tsawo mai yawa, iska ta shigo lissafin ya canza. Kuma auna lokaci da hannu akwai kuskure, na taɓa kai ɗalibai mu auna zurfin wata tsohuwar rijiya da tsakuwa da agogon waya, wani ya samu sakan 1.8 wani 2.2, wato wani ya ce mita 16 wani ya ce 24, da muka zura igiya sai ga 19. Sai an maimaita sau da yawa an ɗauki tsakiya.

Sannan shi Niyuton ya faɗi yadda jan ke aiki ne, bai faɗi dalilin da ya sa nauyin abu da taurin kansa suke tafiya kai ɗaya ba. Wani masani mai suna Ainistain ne ya kama wannan zaren, har a 1915 ya zo da bayanin cewa manyan abubuwa kamar duniya da rana lanƙwasa sarari da lokaci suke, abu mai faɗuwa kuma hanyar da aka lanƙwasa kawai yake bi, shi ya sa ba ruwan hanyar da nauyinsa. Ana ci gaba da gwadawa har yanzu, Faransa ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Microscope a 2016 ɗauke da ƙarafa iri biyu, titaniyam da filatinam, don a ga ko ɗaya zai riga ɗaya ko da ƙanƙanin abu ne, ba a ga bambanci ba. Haɗa bayanin Ainistain da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra kuwa masana na kai har gobe. Maganar igiyar ɗaure jiki da ƙarfin katakon da kuke takawa kuma ni malamin aji ne, injiniyan da ke duba aikinku shi za ka tambaya.

In kuna son ku kashe gardamar, ku bari sai an tashi aiki, ku tabbatar ba kowa a ƙasa, ku sa mutum ɗaya ya tsare hanya saboda yaran unguwa. Kar ku ɓarnatar da siminti, rabin bulo da dutse kamar ƙwan kaza sun isa. Hawa na farko ma ya wadatar. Ka daidaita gindinsu a layi ɗaya ba samansu ba, ka buɗe hannu kawai kar ka tura, ƙanenka ya tsaya nesa ta gefe ya ɗauka da waya. Ku yi sau uku ko huɗu don hannu ɗaya yakan riga ɗaya saki. Kuma shawara, ka ba ubangidan naka shi ya saki da hannunsa, kai ka koma gefe ka yi shiru.